Zaren da ke yanka kansa: me ke sauyawa a siffar RNA na bairos, kuma a wane lokaci?

Duk mai bin rahotannin kimiyya a kan RNA na wasu ƙwayoyin bairos, irin wanda ke yanka kansa da kansa, zai ci karo da maganganu biyu da ba sa ga maciji. Wani rahoto ya ce zaren yana sauya siffa sosai a lokacin yankan, har ma wannan sauyin ne ke kunna aikin ya kuma kashe shi. Wani kuma ya ce tun kafin yankan zaren ya riga ya zauna daram a siffar da ake buƙata, motsin da ya rage masa kaɗan ne. Maganganun biyu sun fito ne daga ɗakunan bincike masu daraja, wani lokaci ma a kan RNA guda ɗaya.

Ruɗanin ya samo asali daga wurare biyu. Na farko, idan masana suka ce siffa ta sauya, ba abu ɗaya suke nufi ba, domin motsin yana da matakai: akwai na zaren gaba ɗaya, akwai na manyan sassansa, akwai na 'yan atom ɗin da ke daidai wurin yankan. Na biyu, ba a iya ɗaukar hoton zaren kafin ya yanke sai an gurgunta shi tukuna, kuma irin gurguntawar da aka yi tana shiga cikin hoton.

Abubuwan da ya kamata a fara sani

RNA zare ne mai ɗauke da haruffa iri huɗu, A da U da G da C. Kowane harafi yana zaune a kan wani sukari mai suna ribos, sannan fosfet ke haɗa sukarin wannan harafi da na mai bi masa. G na son haɗuwa da C, A kuma da U, wani lokaci G ta haɗu da U. Tun da RNA yawanci zare ɗaya ne, ba biyu ba irin na DNA, sai ya lanƙwaso ya haɗu da kansa, ya fitar da rassa da madaukai da ƙulle-ƙulle. Wannan naɗin shi ake kira siffa. Jerin haruffa guda yana iya naɗewa ta hanya fiye da ɗaya, kuma a kan wannan ne duk maganar ta ginu.

An daɗe ana ɗauka cewa furotin kaɗai ke iya hanzarta aikin sinadarai a jikin mai rai. A 1982 Thomas Cech na Jami'ar Colorado ya nuna cewa wani RNA yana cire wani yanki daga jikinsa ba tare da furotin ba, a 1983 kuma aikin Sidney Altman na Jami'ar Yale ya nuna RNA yana yanka wani RNA dabam. Sun raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1989. Irin wannan RNA mai aikin enzayim shi ake kira ribozayim.

Uku daga cikin ƙananan ribozayim masu yanka kansu an fara ganin su ne a jikin masu haddasa cuta. Mai siffar kan guduma ya bayyana a 1986, a wani ɗan RNA da ke rakiyar bairos ɗin da ke yi wa ganyen taba tabo mai zobe, da kuma a wani tsirarar RNA mai cutar da bishiyar fiya. Mai siffar fil ɗin gashi ya fito daga wannan ɗan rakiya na bairos ɗin taba. Na uku yana cikin bairos ɗin ciwon hanta nau'in D, wanda Mario Rizzetto ya gano a birnin Turin na Italiya a 1977, aka kuma gane ikonsa na yanka kansa a 1988. Wannan na ukun shi ya fi jan hankali, saboda yana cutar da ɗan Adam.

Abin da ya sa bairos ke yanka kansa

Kundin halittar bairos ɗin ciwon hanta D zobe ne na RNA mai haruffa kusan 1,700. Ba shi da injin kwafi nasa, na ƙwayar hantar da ya shiga yake ara. Injin yana bin zoben yana kwafa, kuma da yake zobe ba shi da ƙarshe, sai ya yi ta zagayawa, ya fitar da dogon zare mai ɗauke da kwafi da yawa a jone. Dole a yayyanka wannan dogon zare a daidai inda kowane kwafi ya cika, kafin a haɗa bakinsa biyu ya koma zobe. Aikin ribozayim ke nan. Yanki ne mai haruffa kusan 85, akwai ɗaya a zaren asali, akwai wani a kishiyarsa da ake kwafowa daga gare shi.

A nan buƙatar bairos ɗin take da wuya. Idan bai yanke ba, babu sabon zobe. Idan kuma ya sake yankewa bayan ya zama zobe, ya kashe kansa. Ana son abin da zai yi aiki sau ɗaya tak, a lokacin da ya dace, sannan ya yi shiru har abada.

Yadda yankan kansa yake

A jikin kowane sukarin ribos, a kabon na 2, akwai oksijin mai riƙe da haidirojin. DNA ba shi da wannan oksijin, shi ya sa ya fi RNA ƙarko. A lokacin yankan, wannan oksijin ne ke kai wa fosforas ɗin da ke kusa da shi hari, ya manne masa, sai oksijin da ke ɗaya gefen, wanda ke riƙe da harafi na gaba, ya saki. Zare ya rabu gida biyu, ɗaya na ƙarewa da fosfet da ya yi ɗan zobe, ɗaya na farawa da oksijin mai haidirojin.

Ana buƙatar abubuwa uku kafin wannan ya faru da sauri: wani ya cire haidirojin daga oksijin mai kai hari, wani ya miƙa haidirojin ga oksijin mai saki, sannan atom ɗin nan uku, mai kai hari da fosforas da mai saki, su tsaya kusan a layi ɗaya, wato kusurwar da ta kusa digiri 180. A cikin murɗaɗɗen RNA da ya haɗu harafi da harafi, atom ɗin ba sa tsayawa a wannan layi. Don haka ko wane irin ribozayim ne, sai ya murɗe wurin yankan daga yadda aka saba. Ba a jayayya a kan wannan. Jayayyar tana kan yawan motsin da lokacinsa.

Mataki na farko: daga mai yanka zuwa sanda

Sauyin da ya fi girma shi ne wanda aka fi yarda da shi. Zoben bairos ɗin ciwon hanta D, idan ya cika, yana naɗewa ya zama kamar doguwar sanda, inda kusan kashi 70 cikin ɗari na haruffansa suka haɗu da abokansu na ɗaya gefen. A cikin wannan sanda, haruffan da ya kamata su haɗu su gina ribozayim sun riga sun sami wasu abokan, saboda haka ribozayim ɗin ba ya nan, duk da cewa jerin haruffansa na nan.

Damar yankan tana zuwa ne a lokacin kwafi. Haruffan ribozayim suna fitowa daga injin kafin abokan nasu na sanda su fito, sai su naɗe da juna, su yanka, kafin sauran zaren ya iso ya warware su. Ɗakin binciken Philip Bevilacqua a Jami'ar Jihar Pennsylvania ya nuna cewa haruffan da ke gab da ribozayim ɗin ma suna da hannu: wasu suna kama shi su hana shi naɗewa daidai, wasu da ke can baya kuma suna janye masu kamun su sake shi. An ga irin wannan tsari a ƙananan RNA masu cutar da tsirrai, inda siffar kan guduma ke bayyana na ɗan lokaci sannan ta ɓace cikin wata siffar da ta fi ta ƙarko.

Mataki na biyu: rassa su rungumi juna

A ribozayim mai siffar fil ɗin gashi, wurin aikin ba ya samuwa sai rassa biyu, kowane da madaukinsa, sun matso sun manne. Harafin G da ke daidai bayan wurin yankan yana juyowa ya fita daga reshensa, ya shiga wani ɗan rami a ɗaya reshen, ya haɗu da wani C. Hoton da Peter Rupert da Adrian Ferré-D'Amaré suka fitar a 2001 ya nuna haka. A 2002 Xiaowei Zhuang da abokan aikinta a Jami'ar Stanford suka liƙa wa rassan biyu sinadarai masu ƙyalli, suka riƙa kallon zare ɗaya-ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Sun ga abin da ba a zata ba: zarurruka masu jerin haruffa iri ɗaya ba sa motsi da sauri iri ɗaya, wani na daɗewa a manne, wani na saurin buɗewa, kuma kowanne na riƙe halinsa na tsawon lokaci. Wannan ribozayim yana iya sake haɗa abin da ya yanka muddin rassan suna manne, don haka buɗewarsu ce ke yanke hukuncin ko yankan zai tabbata.

Labarin kan guduma shi ne darasin da ya fi koyar da masana taka-tsantsan. Don sauƙin aiki, an daɗe ana amfani da gajeren samfurinsa da aka datse wa bakin rassa. Hotunan kiristal na 1994 da 1995, wato waɗanda ake ɗauka bayan an daskarar da zaren ya zama kamar ƙwayar gishiri, daga wannan samfuri aka ɗauke su, kuma sun ƙi daidaita da gwajin sinadarai. Haruffan da gwaji ya nuna ba a yin aiki sai da su suna nesa da wurin yankan a cikin hoton. Fosfet biyu da gwaji ya nuna suna kusa da juna a lokacin aiki, hoton ya nuna tazarar kusan angstrom 20 tsakaninsu, angstrom kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita. Shekara kusan goma ana muhawara: wasu na cewa dole ne zaren yana yin gagarumin sauyi kafin ya yanka, wasu na cewa ɗan murɗawa ya isa.

A 2003 ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa bakin rassan da aka datse suna taɓa juna a samfurin asali, kuma wannan taɓawar na ƙara saurin yankan sau ɗaruruwa. A 2006 Monika Martick da William Scott suka fitar da hoton cikakken kan guduma, wanda suka samo daga tsutsar da ke kawo tsargiya. A cikinsa tazarar fosfet ɗin nan biyu ta koma kusan angstrom 4, harafin G mai lamba 12 a jerin yana daidai wurin cire haidirojin, sukarin G na 8 kuma yana wurin miƙa shi. Sai aka gane cewa gajeren samfurin yana yawan zama ne a siffar hutu, yana leƙa siffar aiki jefi-jefi, shi ya sa yake yanka kamar sau ɗaya a minti. Masu cewa akwai babban sauyi sun yi gaskiya game da gajeren samfurin, amma yawancin sauyin datsewar ce ta jawo shi.

Mataki na uku: inda jayayya ta fi zafi

Hoton farko na ribozayim ɗin ciwon hanta D ya fito a 1998, daga Ferré-D'Amaré da Kaihong Zhou da Jennifer Doudna, wadda daga baya ta sami Nobel a 2020 kan CRISPR, fasahar gyara kundin halitta. Hoton bayan yanka ne. Ya nuna rassa biyar da suka sarƙe cikin ƙulli biyu, wani na cikin wani, da harafin C na 75 a zaune gab da oksijin da ya saki. Wannan ya sa aka fara tunanin cewa harafin RNA da kansa na iya miƙa ko karɓar haidirojin, ba sai da taimakon ƙarfe irin magnesiyam ba. A 1999 ɗakin binciken Michael Been a Jami'ar Duke ya ƙarfafa tunanin: an cire wannan C aikin ya tsaya, aka zuba wani sinadari mai iya karɓa da miƙa haidirojin, aikin ya farfaɗo.

Samun hoton kafin yanka shi ne wahalar. Kiristal na ɗaukar kwanaki kafin ya haɗu, zaren kuwa yana yankewa cikin daƙiƙoƙi ko mintoci. Dole a hana shi aiki, ko dai a canja harafin da ke aikin, ko a cire oksijin mai kai hari, ko a hana shi magnesiyam. Kamar mai ɗaure ƙafar doki ne don ya tsaya a ɗauke shi hoto, sannan a zauna ana nazarin gudunsa daga hoton: abin da za a gani ya danganta da ƙafar da aka ɗaure.

A 2004 Ailong Ke da Doudna da abokan aikinsu a Berkeley suka wallafa hotunan kafin yanka a mujallar Nature, mafi yawansu da C na 75 da aka mayar U. Sun ga ƙarfe mai caji biyu a zaune cikin wurin aikin, wanda babu shi a hoton 1998. Sun kuma ga wurin aikin ya fi buɗewa. Fassararsu ita ce yankan yana zuwa da sauyin siffa: guntun da aka yanke ya fita, ƙarfen ya fita, C na 75 ya ƙara nutsawa ciki, wuri ya rufe. A wannan hoto C ɗin ya fi kusa da oksijin mai kai hari, don haka suka ba shi aikin cire haidirojin, ruwan da ke jikin magnesiyam kuma aikin miƙawa. Fassarar na da daɗin ji ga mai tunanin bairos, domin tana bayyana yadda ribozayim zai kashe kansa da zarar ya gama. Ta kuma yi daidai da gwajin ƙyalli na ɗakin binciken Nils Walter a Jami'ar Michigan, wanda ya ga tazarar bakin rassa biyu ta ƙaru bayan yanka.

Sai dai gwajin sinadarai ya nuna akasin haka game da aikin C. Tun a 2000 ƙungiyar Bevilacqua ta ce shi ne mai miƙa haidirojin, magnesiyam na taimakawa wajen cirewa. A 2005 Subha Das da Joseph Piccirilli a Jami'ar Chicago suka musanya oksijin mai saki da sulfa, wadda ke saki cikin sauƙi ba tare da an miƙa mata komai ba. Da aka yi haka, cire C ɗin bai ƙara hana yankan ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa aikinsa shi ne taimakon mai saki.

A 2010 Barbara Golden ta Jami'ar Purdue, tare da ƙungiyar Bevilacqua, ta ɗaure wata ƙafar dabam. Ta bar C na 75 yadda yake, ta cire oksijin mai kai hari. Hoton da ya fito, mai tsabtar angstrom 1.9, ya yi kama sosai da na bayan yanka na 1998. C yana kusa da wurin mai saki, magnesiyam kuma yana zaune kusa da wata baƙuwar haɗuwa tsakanin G na 25 da U na 20. Suka ce babban ɓangaren sauyin da aka gani a 2004 canja C zuwa U ne ya haifar da shi, domin U ba ya iya riƙe fosfet ɗin da C ke riƙewa. Wannan hoton ma yana da nasa gurbi: haruffan da ke daidai wurin yankan ba su fito sarai ba, sai da aka ƙaddara matsayinsu ta hanyar aro daga hoton kan guduma.

Idan aka auna hujjojin, maganar cewa C na 75 mai miƙa haidirojin ne ta fi rinjaye, kuma ita ce yawancin masana suka karɓa. Maganar motsi kuwa ba ta rufu haka ba. Guntun da aka yanke yana fita, wannan tabbas ne, kuma rashin fitowar haruffan wurin yankan a hoton 2010 shi kansa alama ce cewa suna motsi. A 2014 ƙungiyar Walter ta kawo matsaya ta uku, cewa hotunan biyu na kafin yanka duk siffofi ne da zaren ke ratsawa a cikin ruwa, ɗaya ta kusa da aiki, ɗaya ta nesa. Wannan ra'ayi ya dace da abin da aka gani a mai fil ɗin gashi, inda zare iri ɗaya ke zama a yanayi dabam-dabam. Masu sukarsa na iya cewa yawancin gwajin ƙyallin an yi shi ne da samfurin da aka raba gida biyu, wanda ya fi na asali sako-sako, irin matsalar da ta ɓatar da masu binciken kan guduma.

Abin da wannan ke nufi ga mutane

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon hanta D yana shafar kusan kashi 5 cikin ɗari na masu ɗauke da ciwon hanta B mai daɗewa, kuma ya fi yawa a wurare irin su Mongoliya da Moldoba da yammaci da tsakiyar Afirka. Haɗuwar biyun ita ce nau'in ciwon hanta na bairos mafi tsanani, tana saurin kai mutum ga ƙeƙashewar hanta da ciwon daji. Bairos ɗin D ba ya iya yaɗuwa sai da rigar furotin ta B, saboda haka allurar rigakafin B tana kare wanda bai kamu da B ba daga duka biyun.

Tun da bairos ɗin ba ya hayayyafa sai ya yanka kansa, ana ganin ribozayim a matsayin wurin da magani zai iya kamawa. A nan sanin siffofin yake da amfani: maganin da zai riƙe zaren a siffar hutu na ɗan lokacin da yake fitowa daga injin kwafi zai iya sa damar yankan ta wuce. Tun a shekarun 1990 an ga wasu magungunan kashe bakteriya suna hana ribozayim aiki a kwalbar gwaji, amma babu maganin da aka amince da shi da ke bin wannan hanya. Bulevirtide, wanda Tarayyar Turai ta ba izini na sharaɗi a 2020, ƙofar shiga ƙwayar hanta yake toshewa, ba ruwansa da yankan.

Akwai kuma abin lura ga masu neman irin wannan magani. A 2006 ɗakin binciken Jack Szostak ya gano ribozayim mai irin wannan naɗi a kundin halittar ɗan Adam, cikin wani yanki mai suna CPEB3, a 2009 kuma aka samu danginsa a halittu da yawa, har da sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Maganin da zai kama na bairos sai an tabbatar bai kama namu ba.

Amfanin da ya riga ya zo hannu yana ɗakunan gwaji. Ribozayim ɗin ciwon hanta D yana yanka ne a daidai farkonsa, kuma harafi ɗaya kacal yake buƙata a gabansa, kusan ko wane iri. Masana suna liƙa shi a ƙarshen duk RNA da suke son ya fito da baki a daidaice, ya yanke kansa ya faɗi. Da wannan dabara aka fara haɗa bairos ɗin ciwon haukan kare daga DNA a 1994, hanyar da daga baya aka bi wajen ƙera wasu alluran rigakafi, kuma da ita ake gyara bakin RNA mai yi wa CRISPR jagora.